Kujerar Bakin Taga

Ranar wata Juma'a a watan Mayu 'yata ta dawo daga makaranta da takarda a naɗe cikin jakarta. Makarantarsu za ta yi bikin al'adu kafin dogon hutu, ana roƙon iyayen yaran da suka fito daga wasu ƙasashe su shirya musu tufafin ƙasarsu da ɗan abincin gargajiya. Ta miƙo mini takardar, ta cire takalmi, sannan ta ce, "Umma, ni wace ce ƙasata?"

A asibitin da bai fi tafiyar minti goma daga gidanmu ba aka haife ta, a 2016. Sau biyu kacal ta taɓa zuwa Katsina, duka biyun kuma da ƙurajen zafi ta dawo. In ta yi surutu cikin barci, da Italiyanci take yi. Amma fasfonta kore ne irin nawa, kuma a idon hukuma baƙuwa ce mai zama da izini. Na ce mata ta je ta wanke hannu tukuna. Na ɗinka mata riga da zane na atamfa, na soya cincin, ranar bikin aka tsayar da ita a tsakiyar hoto, 'yar Indiya a damanta, ɗan Maroko a hagunta. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Da na gan shi a shafin makarantar sai na tuna wani hoton da ni ma aka taɓa sa ni a gaba-gaba, da wani fim da na kalla kaina a sunkuye.

Na zo Italiya a 2015, na biyo maigidana da ke aiki a wata masana'antar ƙarfe a ƙaramin gari kusa da Brescia. Shekara uku na yi ina cefane da nuni da yatsa. Doka ce ta fitar da ni daga gida: tun ƙarshen 2010, baƙon da ke neman takardar zama ta dogon lokaci sai ya ci jarrabawar Italiyanci a matakin da suke kira A2. Sai na shiga makarantar dare ta manya, irin wadda a gida za mu kira ajin yaƙi da jahilci, sai dai a nan har mai digiri biyu za ka tarar yana koyon yadda ake tambayar kuɗin albasa. Akwai matan Pakistan uku da ke zama a dunƙule, da wata dattijuwa 'yar Yukren mai jinyar tsofaffi, da 'yan Senegal biyu, da wani Basine da bai taɓa makara ba.

A kujerar bakin taga, kusa da ni, wani saurayi siriri ke zama. Mako biyu muna gaisuwar Italiyanci kamar kowa. Rannan birona ya faɗi, na sunkuya ɗauka na buge goshi da tebur, sai na ji an ce, "Sannu, Yaya." Saura kaɗan in fasa ihu. Ashe ɗan Zangon Kumasi ne a Gana, kakansa daga ƙasar Sakkwato ya je fataucin goro bai koma ba. Shi kuma ya biyo ta Agadas da Libiya, ya hau teku. Hausarsa irin ta Zango ce, ba ruwanta da mace da namiji. "Yaya, ka yi aikin gida?" haka yake tambayata. Italiyanci kuwa komai sai ya raba, tebur namiji, kujera mace, daidai da yadda Hausarmu ta raba su. Ni na sami sauƙi, shi kuwa kullum littafinsa ja-wur da biron malama. Ina gyara masa nahawu, yana koya mini Italiyancin tashar mota wanda babu shi a littafi.

Kafin hutun Kirsimeti aka turo mai hoto, za a buga takardar tallar makaranta. Ya ƙare wa ajin kallo, ya zaɓo ni da hijabina, ya zaɓo ɗan Zango, ya tsayar da mu a gaba, ya ce mu yi murmushi. Bayan hutu muka tarar da fuskokinmu manne a bangon ƙofar shiga, a ƙasa an rubuta cewa makarantar ta kowa ce. Ɗan Zango ya ɗauki hoton hoton da wayarsa ya tura wa mahaifiyarsa.

Takardar zamansa irin wadda ake bai wa mutum don jinƙai ce, mai wa'adin shekara biyu. A watan Oktoban 2018 gwamnati ta fitar da dokar da ta soke wannan nau'in takarda. Wanda ke riƙe da ita yana iya mayar da ita ta aiki idan yana da kwantiragi a hannu. Shi kuwa wurin wankin motar da yake aiki sun sallame shi ana saura 'yan makonni takardar ta ƙare. Wani dare bayan an tashi aji ya rako ni har tashar bas, ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana. Abu biyu ya roƙa: maigidana ya yi masa magana da ubangidansa ko za a ɗauke shi ko da shara ce, sannan mu bari ya kwana a falonmu na ɗan lokaci, don ɗakin da yake haya an ce ya tashi. Na ce, "Bari in yi shawara da Baban yarinya."

Mun yi shawarar. A Italiya in ka sauki baƙo ɗan wata ƙasa a gidanka, dole ka sanar da hukuma a rubuce cikin awa 48. Mu kanmu takardunmu na jiran sabuntawa. Maigidana ya ce mu ɗan dakata mu ga yadda abubuwa za su kasance, ni kuma ban matsa ba, don a raina na ji sanyi da ya faɗi haka. Ban koma wa yaron da amsa ba. Ya kira ni sau uku. Ina riƙe da wayar ina kallon sunansa har ta gaji ta yi shiru. Daga watan Fabrairu kujerar bakin taga ta zauna babu kowa.

A watan Mayu, gab da jarrabawa, malamarmu ta zo da faifai ta ce yau kunne za mu horar. Fim ɗin shi ne La mia classe, wato "Ajina", na darakta Daniele Gaglianone, wanda aka fara nunawa a bikin fina-finai na Venice a 2013. Ban sani ba har yau ko da gangan ta zaɓo shi.

Labarin ba shi da rassa da yawa. Ajin dare ne a birnin Rum, inda manya baƙi ke koyon Italiyanci. Malamin shi kaɗai ne sanannen ɗan wasa, Valerio Mastandrea. Ɗaliban kuwa baƙi ne na gaske, ɗaliban harshe na gaske, kowa da sunansa na yanka da tarihinsa: daga Bangladesh, daga Turkiyya, daga Yukren, daga Iran, daga Kudancin Amurka, daga Afirka ta Yamma. Minti goma na farko ajinmu ya kaure da dariya, don kanmu muke gani. Ga wanda ke haɗiye ƙarshen kalma, ga wadda ta san amsa amma kunya ta hana ta ɗaga hannu, ga mai gardama da malami a kan abin da bai gama ji ba. Ban taɓa ganin karyayyen harshe irin namu a allo ba tare da an mai da shi abin ba'a ba sai ranar. An bar mutane su yi tuntuɓe a tsakiyar jimla, su tsaya, su lalubo kalma, kyamara tana jiransu.

Can sai ɗaya daga cikin ɗaliban, wani saurayi ɗan Afirka, ya zo da labarin cewa ba a sabunta masa takardar zama ba. A fina-finan makaranta da muka saba gani, nan ne malami zai zage damtse, ya buga tebur a ofishin hukuma, kiɗa ya tashi, yaro ya tsira. A wannan fim ɗin sai labarin ya tsage. Fitilu suka bayyana, ma'aikata suka shigo cikin hoto, darakta da kansa ya fito. Wanda ba shi da takarda doka ba ta yarda a ɗauke shi aiki ba, fitowa a fim kuma aiki ce. Matsalar takardu ta gaske ce ta tilasta wa masu fim ɗin sauya abin da suka tsara tun farko, suka zaɓi su nuna tsagewar maimakon su ɗinke ta. Mastandrea ya daina zama malami, ya koma ɗan wasa da ke tsaye yana kokwanton ko abin da suke yi yana da wani amfani.

Dariya ta ɗauke a ajinmu. Ba wanda ya waiwayi kujerar bakin taga, kuma daga yadda kowa ya ƙi waiwayawa na san duk ita muke kallo.

Na daɗe ina tunanin me ya sa wannan fim ya tsaya mini a rai fiye da sauran. Bayan Italiyancina ya yi ƙwari na bi fina-finan makaranta na ƙasar ɗaya bayan ɗaya, sai na lura cewa baƙo a cikin aji tsohon zance ne a wurinsu, fuskar baƙon ce kawai ke sauyawa. A littafin Cuore na Edmondo De Amicis, wanda ya fito a 1886 kuma aka yi ta mayar da shi fim, baƙon yaro ne ɗan Calabria ta can kudu da aka kawo aji a Turin, malami ya nemi yara su karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, don a lokacin ƙasar ba ta daɗe da haɗewa ba. A Diario di un maestro na Vittorio De Seta, da aka nuna a talabijin a 1973, baƙin su ne 'ya'yan talakawan gefen Rum da makaranta ta fitar da rai da su. A fim ɗin Lina Wertmüller na 1992, Io speriamo che me la cavo, malami ɗan arewa ne aka tura bisa kuskure wani gari kusa da Naples, ya tarar da yaran da ke fita neman kuɗi maimakon zuwa aji. A Il rosso e il blu na 2012 kuwa an kai ga ɗalibi haziƙi ɗan asalin Romaniya.

A tsofaffin labaran, matsalar a zuciya take. In malami ya yi haƙuri, in yara suka buɗe hannu, baƙo ya zama ɗan gida, domin ɗan Calabria da ɗan Naples 'yan ƙasa ne tun asali, ba wanda zai zo ya ɗaga su daga kujera. La mia classe ya nuna aji inda zukata duk a buɗe suke, malami nagari ne, ɗalibai suna son juna, amma hakan bai hana a rasa mutum ba. Ƙofar da ke rufewa tana wani ofishi ne da kyamara ba ta isa ta buɗe ba. Ba a kuma yi fim ɗin a sararin Allah ba: shekarar da ya fito ita ce shekarar da Cécile Kyenge, haifaffiyar Kwango, ta zama baƙar fata ta farko a majalisar ministocin Italiya tana shan zagi, kuma bayan nuna shi da kamar wata guda, ranar 3 ga Oktoba, jirgin ruwa ya nutse kusa da tsibirin Lampedusa da rayuka 368.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan fim ɗin, kuma na fi jin sa a kallo na biyu. Akwai wuraren da ɗaliban ke ba da labarin gida da waɗanda suka rasa, wasu har da hawaye. Na yarda da hawayen. Amma na san wannan ciniki, don an sha yi da ni: sai ka kwance ƙullin baƙin cikinka a gaban mutane kafin a ba ka kunne. Kuma da aron harshe suke ba da labarin. Ɗan Zango a Italiyanci yaro ne mai in'ina. A Hausa kuwa bakinsa ya fi reza, in ya kwaikwayi mai gidan hayarsa sai na riƙe ciki. Wanda ya san shi ta Italiyanci kaɗai bai san rubu'insa ba. Ina zargin haka abin yake ga kowane ɗalibi a fim ɗin. Sannan sunan da ya ja mutane zuwa silima na malamin ne, wanda ke bayan kyamara ma ɗan ƙasa ne. Abin da ya wanke Gaglianone a wurina shi ne bai ɓoye wannan ba. Ya shigo cikin hoton ya tsaya a matsayin mai iko da ya gaza.

Sai da na ga Bangla na 2019 na fahimci abin da ke sauyawa in kyamara ta koma wani hannu. Phaim Bhuiyan, wanda aka haifa a Rum ga iyaye 'yan Bangladesh, shi ya ba da umarni shi ya fito a ciki, kuma ya ci kyautar David di Donatello ta sabon darakta a 2020. Ba fim ɗin makaranta ba ne, barkwancin soyayya ne a unguwar Torpignattara. Saurayi Musulmi yana fama da son budurwa da tsoron Allah da tsoron uwarsa, yana magana da karin harshen 'yan Rum tsantsa. Ba ya neman tausayin kowa. Shi ke zaɓar abin da za a yi wa dariya.

Wannan ya dawo da ni kan 'yata, wadda babu ita a La mia classe, don ita ba koyon Italiyanci take ba, ita ke gyara mini. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, ɗaliban makarantun Italiya da ba su da shaidar zama 'yan ƙasa sun haura 900,000, sama da ɗaya cikin kowane goma, kuma kusan biyu cikin ukunsu a Italiya aka haife su. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1992 jini take bi. Yaron da baƙi suka haifa a nan sai ya cika shekara 18 yana zaune ba yankewa, sannan yana da shekara guda ya nema. An yi ta muhawara a majalisa a kan bai wa yaro ƙasa saboda shekarun da ya yi a makaranta, ba a kai ga doka ba. A watan Yunin 2025 aka yi ƙuri'ar raba gardama don rage shekarun jiran manya daga 10 zuwa 5, amma waɗanda suka fito ba su kai adadin da ake bukata ba, maganar ta faɗi. Babanta ya cika shekarunsa goma, ya shigar da takardu, muna jira. In ya samu, za ta samu ta dalilinsa. Wato dai ta hanyar jini, ajin da take zuwa kowace safiya tana haddace kogunan Italiya da tsaunukanta bai shiga lissafi ba.

Ban raina hoto ba. Na ga yadda 'yata ta manne da talabijin a 2024 lokacin da Paola Egonu, 'yar iyayen Nijeriya haifaffiyar Italiya, ta ci zinaren wasan ƙwallon raga da tawagar ƙasar a gasar Olamfik ta Paris. Kwana biyu tana buga balan-balan a bangon falo. Yaro yana bukatar ya ga mai kama da shi a inda ake tafawa. Sai dai na riga na san abin da hoto ke iyawa da abin da ba ya iyawa. Takardar tallar nan ta shekara biyu a bangon makarantarmu bayan tafiyar ɗan Zango. Duk daren da na shiga sai na wuce ta ƙarƙashin murmushinsa, da rubutun da ke cewa makarantar ta kowa ce. Masu zuwa rajista suna kallonsa su ji ƙarfin gwiwa. Fuskarsa ta ci gaba da yi wa makarantar aiki, shi kuwa ba shi da ikon zama ya rubuta jarrabawa a cikinta.

Da sauƙi in tsaya a nan, in ɗora wa doka komai. Amma daga baya wata lauya mai taimakon baƙi ta bayyana mana a wani taro cewa hukuncin da muke jin tsoro an yi shi ne musamman don masu ba marasa takarda haya suna tatsarsu, ba don wanda ya shimfiɗa wa ɗan'uwa tabarma ba. Kuma a daren da ya roƙe ni, takardarsa ba ta ma ƙare ba tukuna. Ban tambayi kowa ba a lokacin. Tsoro ya isar mini, kuma ya yi mini daɗi. Masu fim ɗin aƙalla sun tsaya a gaban kyamara sun ce ga inda muka kasa. Ni a gaban waya na tsaya ina jira ta yi shiru. Mu da muke kukan ba a ganin mu, mu ma mun iya kau da kai in ganin zai ci mana wani abu.

Bayan kusan shekara guda saƙon murya ya shigo mini ta WhatsApp daga wata lamba da ban sani ba. Iska na kaɗawa a bayansa. Ya ce yana can kudu wajen Foggia yana tsinkar tumatir, ana biya da akwati. Bai ambaci kiran da ban ɗauka ba. Ya tambayi Baban yarinya, ya tambayi yarinya, sannan ya ce, "Yaya, ka ci jarrabawa?" Na ci. Na rubuta masa amsa mai tsawo na goge, na sake na goge, ƙarshe na ce, "Na ci, ƙanena. Ka yafe mini." Ya turo hoton hannu biyu a ɗage. Bayan 'yan watanni lambar ta daina shiga.

Daren bikin al'adu, ina cire wa 'yata ɗankwali, ta ce cincin ɗin ya ƙare tas, har malama ta nemi a rubuta mata yadda ake yi. Sai ta ce baɗi ba za ta sa atamfa ba, kayan makaranta za ta sa, kuma polenta za ta kai, don shi ne abincin garinsu. Na ce mata polenta ai tuwon masara ne da bai sami miya ba. Ta ce to in yi mata miyar kuka ta haɗa. Na ce Allah ya kai mu.

Tambayar da ta yi mini ranar Juma'a har yanzu ban amsa ba. Na ajiye mata faifan fim ɗin a cikin akwatin da muke ajiye takardunmu, ƙarƙashin fasfo. In ta ƙara girma za mu kalla tare, kuma in an zo wurin da fitilu ke bayyana zan tsayar da shi, in ba ta labarin wanda ke zama a bakin taga.